Balaraba Ramat Yakubu da Littattafan Soyayya na Kano: Rayuwarta, Madogararta da Yadda Take Gina Labari

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci ƙagaggun labaran Hausa na ƙarshen ƙarni na ashirin, ba makawa ya ci karo da rukunin nan da jama'a ke kira littattafan soyayya, wasu masana kuma suka laƙaba masa "adabin kasuwar Kano". Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000 an buga ɗaruruwan irin waɗannan littattafai, mafi yawansu a Kano, kuma mata ne suka fi yawa cikin masu karanta su. Sunan da aka ba su ya sa mutane da dama suna zaton abin da ke ciki bai wuce saurayi da budurwa da wasiƙun da ke tsakaninsu ba.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana cikin sahun farko na marubutan wannan zamani, sai dai labaranta sukan kankama ne bayan an watse daga biki, an kai amarya ɗakinta, makaɗa sun tafi gida. Abin da ya dame ta shi ne yadda mace ke rayuwa a cikin auren, da abin da ke samunta idan auren ya mutu ba ta da ilimi ba ta da sana'a. Wannan nazari zai bi tarihin rayuwarta ta marubuciya domin a ga inda wannan damuwa ta samo asali, da abubuwan da suka yi mata tasiri, da hanyar da rubutunta ya bi har ya isa hannun makaranta.

Filin da ta tarar

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne da gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya. A wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. A Jiki Magayi ma akwai batun soyayya, inda mai dukiya ya raba saurayi da budurwarsa. Amma labarin ya bi saurayin ne da neman ɗaukar fansarsa, ita kuwa yarinyar ba a tsaya sosai a kan abin da ke ranta ba. Dukkan marubutan maza ne, kuma hukuma ce ke tace rubutu ta buga ta kai makarantu. Haka aka ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA da kamfanin NNPC da aka kafa a 1966.

Sai a 1980 aka buga ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta rubuta, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bayan wata gasa ta NNPC. A shekarar ce kuma aka fitar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Waɗannan biyu sun nuna cewa akwai masu son karanta labarin soyayya na zamani da Hausa.

Abubuwa biyu suka haɗu suka buɗe ƙofa bayan haka. Na farko, masu iya karatun boko sun ƙaru ƙwarai sanadiyyar shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976, da kuma Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Jihar Kano a 1980, wadda matan aure da yawa suka amfana da azuzuwanta. Na biyu, tattalin arziƙin Nijeriya ya taɓarɓare, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta da suke da tabbacin sayarwa. Masu karatu sun yi yawa, abin karantawa ya yi kaɗan. Sai matasa suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmad yana cikin waɗanda ake ambata a matsayin na farko-farko a wannan sabon salo.

Yarinyar da aka cire daga makaranta

An haifi Balaraba a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1950. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya zama shugaban ƙasa a Yuli 1975 aka kuma kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976. Sunan Ramat da su biyun ke ɗauke da shi na mahaifiyarsu ne. Mai jin wannan nasaba zai ɗauka cewa hanyar karatu a share take gare ta, amma ba haka abin ya kasance ba. Kamar yadda ta bayyana a hirarraki daban-daban, tana da kimanin shekara 13 aka cire ta daga makarantar firamare aka aurar da ita ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu, ta dawo gida tana ƙaramar bazawara.

Mahaifiyarta ce ta tsaya mata. Da sunan koyon ɗinki da saƙa ta riƙa fita, alhali ajin ilimin manya take zuwa, inda ta ƙarasa koyon karatu da rubutu da Hausa. Ta sha faɗin cewa yanke mata karatu da aka yi shi ne dalilin da ya sa take rubutu da Hausa maimakon Turanci. Wannan magana tana da muhimmanci ga mai nazarin tarihin adabi. Marubutan kudancin Nijeriya irin su Flora Nwapa da Buchi Emecheta sun yi rubutu kan aure da haihuwa da kishi da Turanci, aka buga su a Landan, aka karanta su a jami'o'in duniya, amma matar da ke cikin kulle a unguwar Kano ba ta san da su ba. Harshen da larura ta bar wa Balaraba shi ne ya kai ta cikin ɗakunan matan da take magana a kansu, suka karanta ta ba tare da tafinta ba. Hausawa na cewa wani hani ga Allah baiwa ne.

Littattafai uku na farko

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. Labari ne na wani alhaji mai auri-saki, wanda duk lokacin da idonsa ya faɗa kan wata sai ya nemi hanyar rabuwa da ɗaya daga cikin na gida domin a samu gurbi. Tun daga nan aka ga inda ta dosa: gidan aure ne fagen labarinta, kuma matan da ake saki ɗin su ne take tsayawa ta duba.

A 1990 ta fitar da littattafai biyu da suka fi sauran shahara. Wa Zai Auri Jahila? shi ne ya fi kusa da tarihin rayuwarta. Abu yarinya ce 'yar ƙauye mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawarin aure ya yi karatun boko, ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba. Domin kauce wa abin kunya sai uban ya ba da ita ga Sarkin Noma, dattijo mai mata. Abu ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu, ta zama mai tsayawa da ƙafarta. Ƙarfin labarin yana cikin tarkon da aka ɗana wa yarinyar: namiji ɗaya ya hana ta ilimi, wani namijin kuma ya ƙi ta saboda rashin ilimin. Tambayar da ke bangon littafin ta koma kan al'ummar da ta mayar da ita jahilar.

Na biyun shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, wanda sunansa ya fito daga karin maganar nan da ke cewa alhaki kwikwiyo ne, ubangidansa yakan bi. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, ta haifa masa 'ya'ya tara, amma yana ƙuntata wa gidan wajen ci da sha da sutura yana kashe kuɗinsa a waje. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta ci gaba da karatunsu, 'yarta Saudatu ta auri wani attajiri mai mutunci. Shi kuwa Alhaji Abdu gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa, Delu ta juya masa baya. A ƙarshe dangi suka taru a kan Rabi sai ta koma masa.

Wannan ƙarshe ya daɗe yana raba kan masu nazari. Wasu na ganin marubuciyar ta sassauta ne domin kada a ce tana zuga mata. Wasu kuma na ganin a nan ne sukar ta fi zafi, domin ta nuna cewa ko mace ta tsaya da ƙafarta, shawarar rayuwarta tana hannun maza na dangi. Ko wace fahimta aka ɗauka, abin lura shi ne soyayyar Saudatu, wadda a wani littafin ita ce za ta zama jigon labari, a nan gefe take. Kuɗin cefane da kuɗin makaranta da haƙƙin matar da aka saka su ne a tsakiya.

Bayan waɗannan ta rubuta wasu, ciki har da Wane Kare Ne Ba Bare Ba? da Ina Sonsa Haka da Matar Uba Jaraba.

Abubuwan da suka yi mata tasiri

Madogara ta farko ita ce rayuwarta da ta matan da ta tashi a cikinsu. Auren wuri da saki da zawarci da zaman kishi abubuwa ne da ta sani daga ciki. Shi ya sa ba ta ɓata lokaci wajen siffanta motoci da gidaje na alfarma kamar yadda wasu takwarorinta ke yi. Ta fi mayar da hankali ga ranar girki da rabon kwana da abin da miji ya ajiye na cefane kafin ya fita.

Ta biyu ita ce maganar fatar baki ta matan Kano. Sunayen littattafanta kansu shaida ne, domin yawancinsu karin magana ne ko salon magana da Bahaushe ya saba ji. A cikin labaran, kishiyoyi suna yaƙi da habaici da gugar zana, uwa tana yi wa 'yarta faɗa da karin magana, 'yan biki suna baza labari. Tsarin sakayya da ke ƙarshen labaranta, inda azzalumi ke girbar abin da ya shuka, ya yi kama da na tatsuniyoyin da ake yi wa yara da dare, irin na marainiya da kishiyar uwa.

Ta uku ita ce addini. Masanin nan Ba'amurke Novian Whitsitt, a wata maƙala da ya buga a 2002, ya nuna cewa Balaraba tana kafa hujjarta ne daga cikin Musulunci. Idan ta soki auren dole, tana tsaye ne a kan sharaɗin neman yardar wadda za a aurar. Idan ta soki mai tara mata, ba halaccin auren mace fiye da ɗaya take musu ba, sharaɗin adalci da ciyarwa take tunatarwa. Idan ta nemi a bar yarinya ta yi karatu, tana dogara ne da wajabcin neman ilimi a kan Musulmi namiji da mace. Wannan ya sa da wuya a ture maganarta da cewa baƙuwar aƙida ce, domin ta rarrabe tsakanin abin da shari'a ta ce da abin da al'ada ta ɗora.

Ta huɗu ita ce finafinan Indiya, waɗanda masu gidajen sinima 'yan Labanan suka fara kawowa Arewa tun shekarun 1950 zuwa 1960. Brian Larkin, a nazarinsa na 1997, ya bayyana dalilin da ya sa Hausawa suka karɓe su: suna nuna rikicin zaɓin iyaye da zaɓin zuciya a cikin al'ummar da ke girmama kunya da dangi. Wannan tasiri ya ratsa dukkan marubutan zamanin. A wurin Balaraba ya fi bayyana a cikin siffar uwa mai haƙuri da wahala domin 'ya'yanta, da saurin juyawar arziƙi daga sama zuwa ƙasa, fiye da yadda ya bayyana a kalaman masoya.

Daga takarda zuwa kasuwa

Marubucin wannan zamani ba shi da edita ko kamfani a bayansa. Yakan rubuta labari da hannu, ya kai wa mai keken rubutu ko, daga baya, mai kwamfuta, ya biya ƙaramar maɗaba'a ta buga, sannan ya kai wa dillalan littattafai a kasuwa. Saboda ƙarancin jari akan raba labari kashi biyu ko uku, cinikin na ɗaya ya biya kuɗin buga na biyu. Wannan ya shafi ginin labarin kansa, domin dole kowane kashi ya tsaya a inda mai karatu zai ƙagu ya ga ci gaba. Akan sa adireshin marubuci a littafin, wasiƙun makaranta su riƙa zuwa da yabo da suka da labaran rayuwarsu. Gidajen rediyo kuma suna karanta littattafan a iska, wanda hakan ya kai su ga waɗanda ba su iya karatu ba. Littafi ɗaya yakan zaga gidaje da yawa ta hanyar aro ko haya.

Domin rage wahalar wannan hanya marubuta suka kafa ƙungiyoyi. Balaraba tana cikin jagororin ƙungiyar Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Sunan ƙungiyar gutsuren karin magana ne, raina kama ka ga gayya, kuma amsa ce ga masu yi musu kallon ƙananan marubuta marasa digiri. 'Yan ƙungiya suna duba rubutun juna, suna tallata littattafan juna a bayan bango, suna kuma neman malaman jami'a su rubuta musu gabatarwa. Daga baya ta shugabanci ƙungiyar marubuta mata ta Kallabi.

Muhawara da takunkumi

Tun farkon shekarun 1990 aka fara taƙaddama a jaridu kan darajar waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ne ya yaɗa laƙabin adabin kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana ganin yayi ne mai wucewa, cike da kurakuran rubutu da kwaikwayon baƙin al'adu. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna cikin waɗanda suka kare su, suna nuna cewa sun jawo dubban mata da matasa ga karatu, kuma sun taɓo matsalolin da tsofaffin littattafai suka kauce wa. Ibrahim Sheme ya ba muhawarar fili a shafukan adabi da yake kula da su. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Kurakuran ƙa'idar rubutu da gaggawar bugu gaskiya ne, amma hasashen cewa abin zai mutu cikin ɗan lokaci bai tabbata ba.

Sukar ba ta tsaya a jarida ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, daga baya ikonta ya haɗa da littattafai. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a bainar jama'a, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Ga wadda aka raba da makaranta tana yarinya, ta kuma yi suna da labarin yarinyar da ke neman a bar ta ta yi karatu, wannan lamari ya taɓa ainihin abin da ta daɗe tana rubutu a kai: wane ne ke da ikon yanke abin da 'ya mace za ta karanta?

Fim da fassara

Masana'antar finafinan Hausa ta bidiyo ta taso ne a Kano daga 1990, kuma marubutan Raina Kama na cikin waɗanda suka gina ta. An mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998 a ƙarƙashin jagorancin Abdulkarim Muhammad. Ita kanta Balaraba ta shiga shirya finafinai, kuma a 2017 ta fito da Juyin Sarauta, labarin gidan sarautar Hausa na zamanin da, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni.

A 2012 kamfanin Blaft da ke birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi, da sunan Sin Is a Puppy That Follows You Home. Ana ɗaukarsa a matsayin cikakken ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta rubuta da aka fassara zuwa Turanci. Shekara 22 ke nan bayan fitowarsa da Hausa, kuma ƙasar da finafinanta suka yi wa adabin Kano tasiri ita ce ta fara kai shi ga masu karatu na duniya.

Abin lura ga ɗalibi

Ga ɗalibin harshe, littattafan Balaraba taska ce ta Hausar cikin gida, irin wadda ba a samu a littafin nahawu ko labaran rediyo. Wanda ya tashi da Hausar zango ta ƙasar Gana, a Aboabo ta Tamale ko a Kumasi, inda ba a cika bambanta jinsin namiji da na mace a magana ba, zai amfana ƙwarai da hirarrakin matan da ke ciki, domin a kowane shafi zai ga yadda "ta" da "ki" da "ce" ke aiki a bakin Bakano. Sai dai ya lura cewa bugun farko na irin waɗannan littattafai ba su cika bin daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba, musamman wajen raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa. Kalmar "kuykuyo" da ke bangon littafin ma, a daidaitacciyar Hausa "kwikwiyo" ake rubutawa.

Ga ɗalibin adabi kuwa, hanya mai amfani ita ce ya karanta Jiki Magayi da So Aljannar Duniya da Wa Zai Auri Jahila? a jere, yana tambayar kansa a kowanne: ta idon wa ake ganin labarin, kuma me yarinyar ke iya yi da kanta?

Kammalawa

Daga gasar 1933 zuwa 1980 an shafe kusan rabin ƙarni kafin a buga ƙagaggen labarin mace da Hausa. Shekara bakwai bayan haka Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta kammala koyon rubutu a ajin ilimin manya, ta fito da littafinta na farko ba tare da jiran gasa ko kamfani ba. An sa ta a rukunin marubutan soyayya saboda zamani da kasuwar da ta fito a ciki, amma abin da ta ƙara wa adabin Hausa shi ne bin mace zuwa cikin gidan aurenta da kuma bayan fitowarta daga ciki, da auna haƙƙinta da ma'aunin da al'ummarta ta yarda da shi. Matan da ke rubutu yau a wayar hannu, da waɗanda ke shiga gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, sun tarar da wannan hanya a buɗe, kuma auren wuri da yanke wa yarinya karatu da sakin mace da 'ya'ya ba tare da kulawa ba suna nan cikin jigogin da suke rubutu a kai.